Teburin Tsohuwar Kasuwa

A Tsohuwar Kasuwa na gan shi jingine,
Bayan rumfar Jabbi mai gwanjo, a yashe,
Ƙafa uku lafiya, ta huɗun a karye,
Akuya ta hau kansa tana tuƙa a natse.

Na ce, "Nawa?" Jabbi ya dube ni da dariya:
"Wanga? Malam, icen girki na, mi za ka yi da shi?"
Na ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa mini da nauyi,
Muryar maɗaci ce, ba ta allon zamani ba
Mai kumbura in ya ji ruwa kamar gurasa.
A dubu huɗu muka tsaya. Mai kura ya ci ɗari bakwai
Kafin ya dire mini shi a Runjin Sambo.

Kulu ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu:
"Gara ka sayo wa gida, ko mu ka sayo wa aiki?"
Ban tanka ba. Na ja shi gindin darbejiya.

Ranar Asabar na sa masa sanfefa.
Fentin sama shuɗi ne, irin na ofishin gwamnati,
Ƙarƙashinsa kore, da zoben gindin tukunya,
Wata ta sayar da abinci a kansa ke nan.
Ƙarƙashin koren, ruwan ƙasa mai taurin kai,
Shi ya cinye mini la'asar biyu da fatar yatsa.
Jan gari ya hau gemuna, ya hau gashin ido,
Har Inno ta ce, "Baba ya yi lalle!"

Ramukan gara goma sha tara na ƙirga.
Na ɗura musu kananzir da sirinjin kemis,
Na kwaɓa garin katako da gam, na toshe su
Ɗaya bayan ɗaya, kamar mai yaɓen rumbu.

Maƙwabcina Modi kafinta ne, ya tsaya a zaure:
"Kawo ƙafar nan, kafin ka sha shayi na gama."
Na ce zarto kawai nake so aro.
Na auna, na yanka, ta gaza.
Na sake yankawa, ta sake gazawa.
Modi bai ce komai ba, tari ya yi ya wuce.
Har yau in ka duƙa za ka ga ɗan guntun faskare
Da na manna mata, kamar mai ɗingishi da takalmi.

Sai ga shi, can kusurwar hagu,
Inda sanfefa ta kai ga tsiraicin itace,
Wani yaro ya karta da bakin ƙusa:
"Tambari, aji uku."
Ƙasa da sunan, lissafi:
Bakwai sau takwas, hamsin da huɗu.

Ni da na yi shekara ashirin ina akawu
Na zauna a ƙasa ina dariya ni kaɗai.
Ko yana raye? Ko ya yi furfura?
Ko an taɓa gaya masa saura biyu?
Na ɗaga sanfefa, na ajiye.
Wurin nan ban goge ba.

Banis kuwa, ranar bazara ta koya mini hankali:
Kafin buroshi ya dawo, shafin farko ya ƙafe,
Ƙuda biyu suka maƙale, suka mutu a tsaye.
Na kankare, na jira asuba,
Na shafa a hankali, bi da bi da jijiyar itace,
Sai maɗaci ya buɗe ido,
Ja mai duhu, kamar zuman da ya kwana a tulu.

Kulu ta shafa da tafin hannu, ta ce, "To."
A bakinta wannan kirari ne.

Jiya na tarar da Inno a duƙe kansa,
Tsinken kamfas a hannu, harshe a waje.
Na buɗe baki zan yi tsawa, sai na duba:
Ƙarƙashin lissafin Tambari, a karkace,
Ta karta hamsin da shida.

Sauran banis yana nan a gwangwani.
In Allah ya kai mu asuba, zan shafe su tare.